Hijabina, Katin Zamana, da 'Yata a Ƙofar Makaranta

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Damagaram ce, shekarata 34. Shekara uku ke nan da na biyo maigidana Faransa da 'ya'yanmu biyu, muna zaune a wata unguwa a wajen Liyon. Tun da na yi aure nake sa niƙabi. Da na zo aka ce an hana, sai na koma ɗora takunkumin fuska irin na lokacin korona a kan hijabina, fita ma ba na yi sai ta kama dole. Yanzu katin zamana ya kusa ƙarewa, shi kuma maigida ya shigar da takardun neman zama ɗan ƙasa. Ya ce in cire takunkumin, in cire har hijabin in koma ɗan ƙaramin ɗankwali, wai kullum maganar da ake yi a talabijin ke nan, kada shigata ta ja a hana mu takarda. Babbar 'yata Nana shekararta 13, kullum sai ta cire hijabi a ƙofar makaranta, akwai ranar da aka koro ta gida saboda doguwar riga. Yayana a gida yana ta turo mini saƙo cewa zunubin yana wuyana, in mayar da yarinyar Damagaram ko mu dawo gaba ɗaya. Ajin koyon Faransanci da aka sa ni ma na daina zuwa. Anti, barci ya gagare ni. Mijina zan bi ko yayana?

Maman Nana

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Maman Nana. Allah Ya yaye miki wannan damuwa, Ya raya zuri'a.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma inda gabana ya faɗi shi ne inda kika ce kin daina zuwa aji. Maigida yana kallon kanki, Yaya yana kallon kanki, mutanen talabijin ma kanki suke kallo, alhali abin da zai iya hana ki kati a bakinki yake. Zan dawo kan wannan. Bari mu fara da abin da ya hana ki barci.

Na yi shekaru a ƙasar nan ina yi wa matanmu tafinta a ofisoshi da asibitoci, kuma abin da na fi gani yana wahalar da su shi ne rashin bambance abin da 'yan siyasa ke faɗa da abin da doka ta rubuta. Rigimar ɗankwali a Faransa ta girmi aurenki nesa ba kusa ba. Tun 1989 aka fara, lokacin da aka kori wasu 'yan mata uku daga wata makaranta a garin Creil saboda sun ƙi cire lulluɓi. Daga nan duk kakar zaɓe sai an tono ta. A zaɓen shugaban ƙasa na 2022 'yar takara Marine Le Pen ta yi alƙawarin hana hijabi a kan titi har da tara, amma ta faɗi zaɓen, maganar ba ta zama doka ba. Irin waɗannan maganganun ne maigidanki ke ji da daddare bayan ya dawo daga aiki a gajiye, sai ya ɗauka gobe za a ƙwanƙwasa muku ƙofa.

Ga abin da ke rubuce. Baligar mace tana da damar sa hijabinta a titi, a kasuwa, a bas, a asibiti in ta je ganin likita, a jami'a, har da cikin préfecture, ofishin da ke ba da katin zama. Aƙidar nan tasu ta raba addini da gwamnati, wadda suke kira laïcité, tushenta dokar 1905 ce, kuma gwamnati da ma'aikatanta ta ɗaure. Malamar makarantar gwamnati ko nas ɗin asibitin gwamnati ba za ta sa hijabi a bakin aiki ba. Ke da kika zo a yi miki aiki, wannan ƙa'idar ba ta hau kanki ba. Na raka mata da yawa layin préfecture tun da asuba cikin sanyi, da hijabansu har gwiwa, ban taɓa ganin wadda aka mayar saboda shi ba.

Wuri ɗaya ne babu makawa, hoton kati. Dole kai ya kasance a buɗe. Ba na manta wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da na raka ɗaukar hoto a irin ɗan akwatin nan mai labule da ake ajiyewa a tashar jirgin ƙasa. Ta tsaya a bakinsa ta kasa shiga, hannunta na rawa, tana cewa tun tana 'yar shekara goma namijin da ba muharraminta ba bai ga gashinta ba. Na ce ta shiga, ni zan riƙe labulen. Na tsaya na ba ta baya na kama gefe biyu, ta cire, na'ura ta haska, ta mayar, duka bai kai minti uku ba. Da hoton ya fito ta kife shi a tafin hannunta ba ta ko kalla ba, ta sa a ambulan. Lalura ce, kuma Allah ba Ya ɗora wa rai abin da ya fi ƙarfinsa. Ki tafi da 'yar'uwa mace ta riƙe miki labule.

Niƙabi kuwa hukuncinsa daban, kuma ba zan ɓoye miki ba. Dokar 11 ga Oktoba 2010, wadda ta fara aiki a Afrilun 2011, ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Tarar tana kaiwa yuro 150, ana kuma iya tura mutum kwas na sanin haƙƙin ɗan ƙasa. Wanda ya tilasta wa mace rufe fuska shi nasa ya fi tsanani, ɗaurin shekara ɗaya da tarar yuro 30,000. Dokar ba ta shiga gidanki ba, ba ta shiga masallaci ba. An kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai, a 2014 ta bar wa Faransa dokarta. A 2018 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce dokar ta tauye haƙƙin wasu mata biyu da aka ci tara, amma Faransa ba ta sauya komai ba. Ni a ra'ayina an zalunci matan da suka zaɓi niƙabi da kansu, domin ba su tare wa kowa hanya ba. Sai dai ra'ayina ba zai tsaya miki a gaban ɗan sanda ba.

Takunkumin nan da kike sawa, na san dabarar, mata da yawa sun yi ta bayan korona. Doka ta yarda da rufe fuska don lafiya, shi ya sa ba a cika tare mutum ba. Amma dubi abin da ya mayar da ke. Kina tafiya kina waige-waige, fita ta zama miki azaba, aji ya gagare ki, domin malamin harshe sai ya ga bakinki kafin ya gyara miki lafazi. An gudu ba a tsira ba ke nan. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya mun san mashahurin zance shi ne fuska da tafin hannu ba al'aura ba ne, ko da yake akwai malaman da suka wajabta rufewa, kuma ina girmama wadda ta bi su. Ki tuna kuma ko a gida an taɓa hanawa: a 2015, bayan hare-haren ƙunar baƙin wake, Chadi ta hana rufe fuska, hukumomin Diffa ma suka hana, matan can suka buɗe fuska suka ci gaba da sallarsu da azuminsu. Dalilin can daban ne da na nan, na sani, amma ya nuna miki cewa buɗe fuska a kan lalura bai fitar da kowa daga addini ba. Shawarata ki ajiye takunkumin, ki riƙe hijabinki. In zuciyarki ba ta natsu da maganata ba, ki tambayi malamin da ke zaune a Faransa, wanda ya san ƙasar da idonsa.

Yanzu maigida. Kada ki ɗauke shi mai raunin imani, tsoro ne ke cinsa, kuma tsoron yana da tushe. Zama ɗan ƙasa a Faransa alfarma ce da gwamnati ke yi, tana iya hanawa in ta ga mutum bai saje da al'ummarsu ba, kuma akwai ganawa ta musamman da ake yi don auna hakan. A 2008 Conseil d'État, babbar kotun da ke duba ƙararrakin da ake kai gwamnati, ta tabbatar da hana wata 'yar Maroko mai niƙabi zama 'yar ƙasa, duk da mijinta Bafaranshe ne kuma tana jin harshen. A 2010 an hana wani mutum saboda an ce shi ya tilasta wa matarsa rufe fuska. A 2018 kotun ta tabbatar da hana wata 'yar Aljeriya saboda ta ƙi ba jami'ai hannu a wajen bikin ba da takardar. Wannan na ƙarshen ki riƙe shi a ranki don gaba, ranar da ke ma za ki nema, ki san matsayarki tun kafin ki shiga ɗakin. Amma ki lura da kyau: cikin ukun nan babu wanda aka hana saboda hijabi kawai. Niƙabi ne, da tilastawa, da musafaha. Mutumin da ya yi shekaru yana tashi da duhu yana biyan haraji, ga takarda ta kusa hannu, in ya ji irin waɗannan labaran dole ya firgita ya haɗa niƙabi da hijabi ya yi musu kuɗin goro.

Ki same shi lokacin da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta, talabijin a kashe. Ki ce masa, Baban Nana, na ji tsoronka kuma ka yi gaskiya a kan takunkumi, daga yau na ajiye shi, zan kuma koma aji. Hijabi kuwa doka ba ta nemi in cire ba, kada mu ba da abin da ba a tambaye mu ba. In bai gamsu ba ku je tare wurin La Cimade, ƙungiya ce da ke ba baƙi shawarar doka kyauta, ya ji daga bakin waɗanda aikinsu ke nan. Namiji yakan karɓi magana daga bakin wani ya ƙi ta daga bakin matarsa, ba sai na gaya miki ba. Abin da ba zan goyi bayansa ba shi ne ya tilasta miki cirewa. Wanda ya tsani hijabinki a titi, ƙaramin ɗankwali ba zai sa ya so ki ba, zai ga baƙar fatarki, ya ji sunanki.

Ba na ce miki ba za ki ga wulaƙanci ba. Za a harare ki a bas, wata tsohuwa za ta yi tsaki. A 2019 a Dijon wani ɗan majalisar yanki na jam'iyyar Le Pen ya miƙe a zauren majalisa ya nemi wata uwa da ta rako ajin ɗanta ta cire hijabi, yaron ya rungume ta yana kuka, duniya ta gani. Doka tana gefen matar, domin iyaye masu raka yara ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Wajen neman aiki ma akwai ƙalubale: tun 2016 kamfani mai zaman kansa yana iya rubuta ƙa'idar hana duk wata alamar addini a dokokinsa na cikin gida, amma sai ta shafi kowa kuma tana da dalili, ba don wani mai sayayya ya ce ba ya son ganin hijabi ba. In an nuna miki wariya akwai hukumar kare haƙƙin jama'a da suke kira Défenseur des droits, kai kuka wurinta kyauta ne. Duk wannan haƙƙi, Maman Nana, da wane baki za ki neme shi?

Ga mu a kan aji. Lokacin da kika iso kin sa hannu a wata yarjejeniya da OFII, ofishin gwamnati mai kula da baƙi 'yan ƙasar waje, wadda ta ƙunshi kwana huɗu na koyon tsarin ƙasar da kuma darussan harshe kyauta, waɗanda kan kai awa 600 ga wadda ba ta yi boko ba. Halartar darussan nan sharaɗi ne, ana dubawa in kin zo neman kati mai shekaru. Sannan dokar shige da fice ta Janairun 2024 ta ƙara tsauri, kuma sabbin sharuɗɗan sun fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026. Katin shekaru da yawa yana buƙatar shaidar iya Faransanci a matakin da suke kira A2, katin shekara goma matakin da ke sama da shi, B1, zama ɗan ƙasa kuma na gaba, B2. Ga kuma jarrabawar sanin ƙasa, tambaya 40, sai an ci 32. Katin shekara ɗaya kuma a ƙa'ida ba a sabunta shi fiye da sau uku a jere a kan dalili guda. Kin ga inda ramin yake. Akwai wata takarda kuma da ake sa hannu ta alƙawarin mutunta ƙa'idojin jamhuriya, irin su daidaiton mace da namiji, da 'yancin kowa ya yi addininsa ko ya bari, da cewa ba za ki kafa hujja da addini ki ƙi bin ƙa'idar ofishin gwamnati ba. Ki sa a karanta miki ita da Hausa kafin ki sa hannu. Babu inda ta ce ki cire hijabi.

A2 ba dutse ba ne. Matakin da za ki yi ciniki, ki gaya wa likita inda ke miki ciwo, ki karanta ɗan saƙon da makaranta ta aiko. Wadda ta haddace izu-izu a allo, ta iya Hausa, wataƙila da ɗan Barbarci irin na mutanen Damagaram, ba za a ce Faransanci ya gagare ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka cikin makon nan ki koma OFII ki ce kina son ci gaba, ki faɗi gaskiya cewa tsoro ne ya zaunar da ke. Ki tambayi makarantar su Nana ko suna da shirin nan na koya wa iyaye baƙi Faransanci kyauta a cikin makaranta, yawancin unguwannin baƙi suna da shi, cibiyoyin unguwa ma suna koyarwa. Takardun sabunta kati kuma ana shigar da su tsakanin wata huɗu zuwa wata biyu kafin ya ƙare, ki duba ranar da ke jikin naki yau ɗin nan.

Sai Nana, kuma nan ne zuciyata ta fi karyewa. Dokar 15 ga Maris 2004 ta hana ɗalibai sa alamar addini bayyananniya a makarantun gwamnati, daga firamare har ƙarshen sakandare: hijabi, hular Yahudawa, babban gicciye, rawanin mabiya Sikh. A Agustan 2023 ministan ilimi na lokacin, Gabriel Attal, ya ƙara da abaya da jallabiyar maza. Ranar da aka koma makaranta 'yan mata 298 suka zo da abaya, 67 suka ƙi canzawa aka mayar da su gida, kotu kuma ta goyi bayan gwamnati. Matsalar ita ce babu wanda ya iya faɗin inda doguwar riga ta ƙare abaya ta fara, sai ya zama mai tsaron ƙofa yana duban fuskar yarinya da sunanta kafin ya yanke hukunci. Wannan rashin adalci ne, kuma ina faɗa da babbar murya.

Na sha tsayawa kusa da wata makaranta da safe ina kallonsu. Yarinya za ta zo daf da ƙofa, ta tsaya jikin motar da aka ajiye, ta mayar da gilashin madubi, ta zare allura ta riƙe a leɓe, ta ninke hijabin ta tura can ƙasan jaka, ƙawarta ta gyara mata gashi, su shige. Da yamma kafin su kai bakin titi sun mayar. Sau biyu a rana, shekara da shekaru. Yarinyar da ke yin wannan ba ta yi wasa da addininta ba. Ta fi mu sanin darajar ƙyallen nan, domin mu ba a taɓa sa mu cire shi ba.

Don haka ba na tare da Yaya a kan mayar da ita. Na san don Allah yake faɗa, kuma ɗan'uwa mai kishin addininki abin godiya ne. Amma yana Damagaram, inda hijabi ba ya jawo wa kowa ko kallo, yana yanke hukunci a kan rayuwar da bai taɓa gani ba. Yarinya 'yar shekara 13, lokacin da ta fi buƙatar uwa, a raba ta da ke da ubanta da ƙaninta, a katse mata karatu a tsakiya, a kai ta hannun dangi. Mun san yadda irin wannan kan ƙare, shekara biyu sai a fara maganar miji. Zamanta na shekaru a waje kuma yana iya lalata mata damar takardunta in ta so dawowa. Cire ta ki ajiye a gida ma ba mafita ba ce, karatu dole ne daga shekara 3 zuwa 16, kuma tun 2022 koyarwa a gida sai da izinin hukuma, wanda ba a bayarwa don dalilin hijabi.

Abin da za ku iya shi ne wannan. Dokar 2004 ba ta hau kan makarantu masu zaman kansu ba, kowace da ƙa'idarta. Akwai na Musulmi 'yan kaɗan, akwai kuma na Katolika da yawa, wasunsu suna karɓar yarinya da ɗankwalinta, wasu ba sa karɓa. Kada sunan coci ya firgita ki, iyalan Musulmi da dama can suke kai 'ya'yansu saboda wannan dalilin, ku je ku tambayi ƙa'ida da kuɗin. In bai yiwu ba ta zauna inda take, a sauya ɗinki: riga mai dogon hannu zuwa gwiwa da wando mai faɗi, ko siket da riga daban-daban, sutura ta samu, mai tsaron ƙofa bai samu abin kamawa ba. In aka sake koro ta, dokar da kanta ta ce sai an zauna an tattauna da ɗaliba kafin a hukunta ta. Ki je da kanki da hijabinki, ki nemi ganin shugaban makaranta, ki ce a rubuta miki dalili a takarda. Shekara biyar suka rage mata. Ranar da ta shiga jami'a babu mai ikon taɓa mata hijabi.

Wani abu kuma da ban gani a wasiƙarki ba. Kin gaya mini abin da maigida ya ce, da abin da Yaya ya ce, ban ji abin da Nana ta ce ba. Ki zaunar da ita kina yi mata kitso, ki tambaye ta yadda take ji a ƙofar nan, wa ke tsokanarta, wace malama ce ke sonta, ita me take so. Kada ta ji saƙonnin kawunta, kada ta taso tana ganin kanta mai zunubi kullum safiya a kan abin da ba ita ta kafa ba. Shi kuma Yaya ki amsa masa da ladabi sau ɗaya: kin gode, kin yi shawara, kuna riƙe da addininku gwargwadon iko, ya sa ku a addu'a. In ya sake turowa ki gaishe shi ki tambayi lafiyar iyali.

Tunda Nana ta riga ki jin harshen, ki ba ta aikin malanta. Kullum bayan sallar isha'i rabin awa, ta karanta miki saƙonnin makaranta ki maimaita, ta yi miki tambayoyin jarrabawar nan kina amsawa, ke kuma ki biya mata haddarta. Ki rubuto mini bayan wata uku ki gaya mini ranar da aka ba ki ta jarrabawa.

Antinku